Malamar Faransanci da ke bayani da Hausa: gyara ne ko ɓarna?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kamar yadda aka tsayar a taron da ya wuce, abin da muka tara bana zai tafi ne ga ƴan siziyam, wato ajin farko, na kwalejinmu nan Tawa. Shawara biyu ke gabanmu. Ta farko, a saya musu teburan zama. Ta biyu daga wurin malamar Faransanci ta fito: tana son akwatin littattafai, da kuɗin fotokofi, da izinin buɗe aji ranar Laraba da marece don yaran da karatu bai zauna musu ba. Ta ce wani kaso na takardun na Hausa ne. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma a rubuce don Allah. Bokal mai minti goma ba mai sauraronsa.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Sakatare, doguwar nan ce da anka kawo bara? In ita ce, ɗiyata tana ajinta. Ni abin da ke damuna, yarinya ta dawo gida tana ce mini madam ta yi musu bayanin darasi da Hausa. Hausa kam ai a gida ta sha ta. Ban kai ta lakwal don a maimaita mata abin da take ji a bakin murhu ba.

Ɗan Ader a Abijan: Hajiya kin hwaɗi gaskiya. Mu da munka tahi cin rani mu munka san darajar Faransanci. Nan Ajame in ba ka jin shi, ɗan sanda shi tsai da kai ba ka san mi za ka ce mai ba. Takardar haya a miƙo maka ka dangwala hannu ba ka san abin da anka rubuta ba. Hausa tana kai ka wurin ƴan uwa ka samu makwanci, amma ba ta hidda kai daga ofis. Ni teburi na zaɓa.

Baba Direkta: Kafin a zaɓi wani abu, ina son in san wace ce ita. Ina ta yi karatu? Wace takarda gare ta? Akwai malamin da ke komawa Hausa don dabara, akwai wanda ke komawa don nasa Faransancin ne ya ƙare. Na ga iri biyun duka lokacin da nake riƙe da makaranta.

Sakatare: Baba, gara ku ji daga bakinta. Na nemi izininta na sa ta cikin zaure. Madam, bismillah.

Madam Faransanci: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Baba Direkta, ina gaisuwa. Tambayarka tana kan hanya, uba na da hakkin ya san wa ya ba amanar ɗansa.

Mahaifina Bahaushe ne daga wajen Keita, mahaifiyata kuwa mai Tamajak ce daga wajen Abalak. A gidanmu ana tambaya da wani harshe a amsa da wani, ba wanda ya ɗauki haka wani abu. A bakin rijiya na tsinci ɗan Fulatancin da nake ji. Allo na fara kafin lakwal, kuma wurin inna na fara ganin ana zana Tifinar, rubutun Tamajak, a ƙasa da yatsa. Ranar da aka sa ni CI, ajin farko na firamare, ban san kalma ko ɗaya ta Faransanci ba, ga shi sambol bai mutu ba a makarantarmu: wanda aka ji ya yi harshen gida sai a rataya masa ƙashi a wuya, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Ni shiru sambol ya koya mini. Faransancin kuwa wurin wani mushe na CE2, aji huɗu na firamare, na same shi, wanda kan tsayar da mu bayan an tashi ya karanta mana labari, in ya ga idanunmu sun yi fari-fari ya faɗi jimla guda da Hausa a hankali, ya ci gaba.

Bayan BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, na shiga makarantar horon malamai ta Kaocen nan Tawa. Aka tura ni wani ƙauye wajen Buza, na riƙe ƙananan azuzuwa. A can na zauna jarrabawar bak, ta shiga jami'a, daga waje, Allah ya ba ni. Na tafi Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni, sashen adabin Faransanci, daga nan babbar makarantar horon malamai, inda na samu takardar koyarwa a kwaleji. Zabarmanci kuwa kasuwar Katako da ƴan ɗakinmu suka koya mini, don a Yamai in ba ka ji ba za ka sayi komai da tsada.

Na faɗi duk wannan ne don a san Faransanci bai ƙare mini ba, Baba. Ina son harshen nan, shi nake ci da shi. Sai dai na taɓa zama yarinyar da ke kallon bakin malami ba ta jin komai, kuma na koyar a CI, na san yadda ƴan siziyam ɗinmu suka taso.

Baba Direkta: Madalla ɗiyata. Takardunki sun yi. Saura aikin.

Maman Biyu: To madam, in kin iya shi haka, mi ya sa ba ki zuba musu shi kawai?

Madam Faransanci: Hajiya, ga abin da nake yi a makon farko na rantire, wato komawa makaranta. Nakan ba kowane yaro ɗan rubutu na Faransanci, layi biyar ko shida, irin na CE2. In ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya gaya mini abin da aka ce, da duk harshen da ya ga dama. A nan aji ke rabuwa uku. Akwai masu karantawa su gane. Akwai masu fitar da sautin daidai, har da tsayawa wurin aya, amma in ka tambaye su wa ya tafi kasuwa a cikin labarin sai su sunkuyar da kai. Akwai kuma waɗanda haɗa baƙi da wasali ma bai zauna musu ba. Waɗannan na ƙarshe in kin duba kayensu za ki ga rubutu tsaf, don sun ƙware wajen kwafe abin da ke tablo, amma zane suke yi. Shekara shida suna ɓoye cikin amshin aji.

Su ne na Laraba. Wanda bai iya haɗa baƙi ba, in na fara shi da Faransanci na ɗora masa kaya biyu lokaci guda: baƙin da bai sani ba da maganar da bai sani ba. Ga shi Faransanci ana rubuta baƙaƙen da ba a faɗi, sauti guda kuma a rubuta shi hanya uku ko huɗu. Hausar boko kuwa kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa. Yaro ya haɗa baƙaƙe huɗu ya ji kalmar da ya sani ta fito daga bakinsa, daga ranar ya gane mene ne karatu. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. In ya zauna sai mu ƙetara da shi.

A cikin aji na kullum kuwa Faransanci nake yi. Hausa tana shigowa ne in umarni sabo ne, ko in ina son in tabbata an gane, ko in muna kwatanta nahawu. Duk abin da aka rubuta a kaye, da duk kwampozisiyo, Faransanci ne.

Mai Albasa: Ni manomi ne, ban yi nisa a lakwal ba, amma na gane maganar madam. Mu nan Galmi ba mu watsa irin albasa a babban fage. Sai mun rene shi a ɗan gado inda ruwa ke isa, ya yi ƙarfi, sannan a dasa.

Baba Direkta: Kai kuma ka fi kowa sanin cewa in dashe ya yi latti albasa ba ta yin kai. Nan damuwata take.

Ɗiyata, ki saurare ni. Yaron Tawa a ina yake jin Faransanci? Ba a gida ba, ba a kasuwa ba, ba a masallaci ba. Rediyon da uwarsa ke saurare Hausa ne, fim ɗin da ke cikin wayar yayansa na Kano ne. Awoyin nan da yake gabanki su ne kaɗai rabonsa. Duk mintin da kika ba Hausa daga cikin rabon nan kika cire shi. Kuma yaro wayo gare shi: in ya san fassara na zuwa, ba zai wahalar da kunnensa ba, sai ya jira. Shekara huɗu ke tsakaninsa da BEPC, kuma wanda zai gyara takardarsa ba zai tambaye shi ya ba da labari da harshen da ya ga dama ba.

Sannan wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta. Shekara nawa ke nan? Ku nuna mini babban ma'aikacin da ya cire ɗansa daga makarantar kuɗi ya kai shi can. Kafin nan ma an gwada koyarwa ta talabijin tun 1964. Ƙasar nan ta sha gwaji, kuma kullum da ɗan talaka ake yi. A zamaninmu ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, shi ke rubuta wa gari duka wasiƙa.

Ɗalibar Yamai: Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Ɗan CM2 ɗin da ke rubuta wa gari wasiƙa, su nawa suka shiga CI tare da shi, su nawa suka kai? Lokacinku yara kaɗan ake ɗauka, wanda bai ja ba a kore shi ya koma gona, ba a sake lissafa shi. Yanzu kowa ake so ya shiga, kuma kowa ake ƙidayawa. Binciken PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya nuna a Nijar yaran ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Waɗannan yaran da Faransanci zalla aka koyar da mafi yawansu, ba makarantar gwaji ta ɓata su ba. A binciken nan dai, ƙasar da ƙananan yaranta suka fi na kowa ita ce Burundi, inda ake fara karatu da Kirundi.

Kuma wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin kimiyya ne da ya yi karatunsa a Faransa, ba wanda zai ce Faransanci ya gagare shi. Amma tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harsunansu. Abin da ya kashe makarantun gwaji, a ganina, rashin littattafai ne, da horar da malami yau gobe a canza masa wuri a kawo wanda bai taɓa rubuta Hausa ba, da dogaro ga kuɗin masu ba da agaji: ranar da shirinsu ya ƙare, komai ya tsaya.

Baba Direkta: To kin ƙarfafa maganata ke nan ba ki sani ba. In gwamnati da masu agaji ba su iya riƙe abin ba, akwati guda da fotokofi ne za su riƙe?

Ɗalibar Yamai: Ba tsarin ƙasa madam ta ce za ta gyara ba, Baba. Yaran da ke gabanta ta ce.

Mushe Lissafi: Ni makwabcin ajinta ne, bari in faɗi abin da na gani. Yaron da ke tallan ƙanƙara a tasha, ka ba shi jaka guda ka sayi na dala talatin da biyar, kafin ka rufe baki ya ba ka canjinka daidai. Kullum yana raba kuɗi da biyar a kansa, don farashin takarda da faran yake, na baki kuma da dala. Yaron nan shi ne ke samun biyu bisa ashirin a wurina. Ba lissafin ke kayar da shi ba, jimlar tambayar ce bai gane ba. Tun da madam ta fara aiki da su, aƙalla sun daina haɗa duk lambobin da suka gani a takarda su tara.

Amma Baba ya taɓo wata gaskiya da farko, kada mu tsallake ta. Akwai malamai da yawa da Faransancinsu bai isa ba. Jarrabawar da aka yi wa malamai ƴan kwantiragi a 2017 ta tona wannan, kuma ni ɗan kwantiragi ne, ban ji daɗin faɗi ba. Mutum ya fito daga makarantar da ba ta koya masa ba, a ba shi alli, albashi ya yi ta jinkiri, ba littafin jagora. Irin wannan malamin in aka ce masa an halatta Hausa a aji, shi ke nan, Faransanci ya tafi hutu. Abin da madam ke yi yana aiki ne don ta mallaki harsunan biyu, ta san inda za ta buɗe da inda za ta rufe.

Madam Faransanci: Mushe, na gode, kuma haka ne. Bayani da Hausa ba sauƙi ba ne ga malami, ƙarin aiki ne. Sai ka san nahawun harshen yaron kafin ka yi masa gada da shi. Bahaushe ya riga ya san namiji da tamata a magana, yana bambanta ya zo da ta zo, don haka in na ce masa Faransanci ma yana raba sunaye haka, ba baƙon abu ba ne, sai dai ya haddace wanne ne wanne. Mai Tamajak ma haka. Ɗan Zabarma kuwa kalma guda yake amfani da ita ga mace da namiji, shi ta wata ƙofa zan shigo masa. Bahaushe na fama da p da v da wasulan hanci, yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu. In na san daga ina kuskuren ke tasowa, minti biyar na atisaye ya fi jan bik ɗari a kaye.

Baba, maganar jiran fassara gaskiya ce, ina ganinta. Shi ya sa ba na fassara jimla da jimla. Nakan bari sai sun yi kokawa da ita tukuna, kuma sau da yawa yaro nake sa ya faɗa wa ƴan uwansa abin da ya gane, ni in mayar da shi Faransanci, su maimaita. Daga wata na uku Hausar tana raguwa. A sankiyam, aji na biyu na kwaleji, da kyar ake jin ta.

Ɗan Abalak: Ina ta karatu ban ce komai ba. Yaya, tunda kin ce innarki tamu ce, ke zan tambaya. Kowa a nan Hausa da Faransanci yake faɗi, sai ka ce su kaɗai ne a jihar Tawa. Yaron da ya zo daga Cintabaradan ko Tasara, ko ɗan Fulanin da aka kawo wurin kawunsa don ya yi kwaleji, in kika juya Hausa ai shi an ƙara masa baƙon harshe na biyu. Dokar 2001 harsuna goma ta kira harsunan ƙasa. Yanzu kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, sauran kuma harsunan da ake magana da su. Ba siyasa na kawo ba, Sakatare, kada ka goge. Tsoro nake kada wata rana a rataya wa ɗana ƙashi don bai ji Hausa ba.

Sakatare: Ban goge ba, amma a tsaya kan maganar yara.

Ɗan Ader a Abijan: Kai ɗan uwa, wa ka zama Tawa wata ukku bai ji Hausa ba?

Ɗan Abalak: Jin na sayen gawayi daban, jin na gane darasi daban. Kai da ke Abijan kana jin Faransancin tasha, za ka iya zama BEPC da shi?

Ɗan Ader a Abijan: Ka kama ni nan.

Madam Faransanci: Ƙanena, wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi, kuma ba ni da cikakkiyar amsa a aljihu. Masu Tamajak ina yi musu da kaina, nakan zaunar da su kusa da juna. Fulatancina bai kai na koyarwa ba, sai in nemi babba a cikinsu ya taimaki ƙarami. Matsalar takarda ce. Na Hausa ana samu ko yaya, don tun taron Bamako na 1966 aka daidaita baƙaƙen rubuta harsunan nan, kuma INDRAP, cibiyar gwamnati mai tsara littattafan makaranta, ta buga littattafan makarantun gwaji. Na Tamajak da Fulatanci ma an buga, amma nemo su a Tawa yau aiki ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yi wa yaro dariya a ajina don harshensa, kowanne ne.

Malam na Islamiyya: Salamu alaikum. Abu biyu. Na farko, Laraba da marece lokacinmu ne, yaran nan suna da hadda. A duba. Na biyu, ina mamakin masu ganin haɗa harsuna baƙon abu ne. Mu tun kakanni haka muke karatun littattafai: malam ya karanta Larabci ya fassara da Hausa, kuma a haka aka samu malaman da suka rubuta Larabcin da Larabawa ke girmamawa. Makarantar Faransanci da Larabci ta farko a ƙasar nan an buɗe ta a Sayi tun 1957. Kuma a cikin yaran da madam ta ce ba su iya haɗa baƙi ba, na tabbata akwai masu karanta allonsu tsaf. A tambaye su.

Madam Faransanci: Allah ya gafarta Malam, akwai su kuwa, kuma su suka fi saurin tashi, don sun riga sun san baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti. Hannun rubutun ne kawai ya juya musu. Maganar lokaci kuma, in Asabar da safe ta fi, ni ba ni da matsala.

Maman Biyu: To ni yanzu tambayata, waɗanne littattafan Hausa? In irin na soyayyar nan ne da ake kawowa daga Kano ta Kwanni, wallahi ban yarda ba.

Madam Faransanci: A'a Hajiya. Mafi yawa ma yaran ne za su rubuta su. Bara na sa kowane yaro ya je wurin kakarsa ko wani tsoho a unguwa ya ɗauko gatana guda, ko labarin kafuwar garinsu, ko yadda ake wata sana'a. Wani ya kawo yadda ake jima, wata ta kawo yadda aka yi aikin tare ruwa da dasa itatuwa a Keita daga bakin kakarta da ta ɗauki duwatsu a kai. Suka rubuta da harshen gida, muka gyara tare, sannan aji duka ya zauna muka mayar da shi Faransanci jimla jimla. A nan gardamar nahawu ke tashi da kanta: wane lokaci za a sa, wace kalma ta dace. Ban taɓa ganin suna jayayya kan Faransanci da zafi irin na ranar ba. Shafi guda Hausa ko Tamajak, shafin da ke kallonsa Faransanci. Kuɗin fotokofin na wannan ne, don kowane yaro ya koma gida da littafin da sunansa ke ciki. Garin da gidan al'adunsa ke ɗauke da sunan Albarka Cibau, gwanin ba da labari, bai kamata ya rasa labarin da yaransa za su karanta ba.

Sauran kuɗin kuma ƙananan littattafan Faransanci masu sauƙi, da ƙamus ko guda biyar ne. Yanzu ƙamus ɗaya gare mu, nawa ne na kaina.

Maman Biyu: Ashe ita ce takardar da ta sa ɗiyata ta dami kakarta da tambaya har tsohuwa ta kore ta. To. Ni dai in ga sakamako.

Ɗan Ader a Abijan: Ni hwa har yanzu ina ga teburi. Ɗiya huɗu bisa tebur guda, wasu ƙasa. Kuma ajin zana hwa? Kun manta gobarar Yamai ta 2021, unguwar Pays-Bas, yara ashirin? Ga ta Maraɗi cikin shekarar. Wanga shi ne abin tsoro.

Sakatare: Allah ya jiƙansu. Alhaji, ba wanda ya manta, amma abin da ke asusunmu ko bango guda ba zai tayar ba. Wannan sai mu kai wa kwamitin makaranta da magajin gari a rubuce. Teburi kuwa zai sayi kaɗan.

Baba Direkta: Na karanta duka. Ban sauka daga ra'ayina ba: ƙasarmu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci a 2025, ƙungiyar da a nan Yamai aka aza tubalinta ranar 20 ga Maris 1970, amma takardar jarrabawa da ta asibiti da ta kotu har gobe da Faransanci yaran nan za su same su. Wanda ya fita kwaleji bai iya shi ba an cuce shi, ko da wace niyya. Sai dai gani ya kori ji. Ɗiyata, ga sharaɗina. Ki ba ni sunayen yaran Asabar ɗin nan tun yanzu. Ni da kaina zan zo in yi musu dikte, wato shifta, a farko, in dawo kafin hutun Disamba in sake yi musu wata. Irin ta da, kuskure biyar sifiri.

Madam Faransanci: Na karɓa, Baba, da sharaɗi guda ni ma. Bayan dikten za ka ba su ɗan rubutu da ba su taɓa gani ba, ka yi musu tambaya uku a kansa, da Faransanci, su amsa da Faransanci. Kuma kurakuran za mu ƙirga, ba sifiri ba, don yaron da ya sauko daga kuskure arba'in zuwa goma sha biyar sifirinka ba zai nuna shi ba.

Baba Direkta: A ƙirga. Amma ni zan zaɓi rubutun, kuma ba za ki gan shi ba sai ranar.

Mushe Lissafi: In haka ne ni ma a ba ni minti ashirin a ƙarshe, in sa musu tambayar lissafi guda biyu.

Ɗan Abalak: Yaya, akwai wani tsohon malamin makarantar gwaji a nan da ya ajiye littattafan Tamajak a cikin akwati. Zan je in roƙe shi aro, in ya yarda in ba direban da ke zuwa ranar Lahadi. Wa zai karɓa a tasha?

Sakatare: Ka ba shi lambata. Masu teburi da masu akwati, za a buɗe ƙuri'a bayan sallar isha'i, a rufe gobe da azahar. Malam, Asabar ƙarfe nawa yaranku ke tashi daga hadda?

Malam na Islamiyya: Ƙarfe tara. A sa tara da rabi, su samu su karya kumallo.